Injin jirgin ruwa mai filafilai yana zafi, giyar gaba kuma tana jinkirin kamawa: daga ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Ni bakaniken janareta ne a Legas, na daɗe ina gyaran injin gas. Kwanan nan maigidana ya ɗora ni a kan kula da jirginsa na shaƙatawa, irin mai filafilai da iska ke turawa, amma yana da inji a ciki, Yanmar 3GM30F, da giya ta Kanzaki. Idan muka yi kamar minti ashirin muna tafiya da inji sai ƙararrawar zafi ta fara kuka. Sannan idan aka sa giyar gaba sai ta ɗan jima kafin ta kama, ribas kuwa nan take. Maigidan kuma ya saba barin giya a ribas idan an kashe inji ana tafiya da iska. Me zan duba, kuma yaya ake kula da irin wannan inji ba tare da an yi ɓarna ko an ji ciwo ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: zafin da ke zuwa bayan minti ashirin, giyar gaba da ke jinkiri, da kuma inda ya kamata giya ta zauna idan iska ce ke tura jirgin. Shi injin kansa ba baƙo ba ne a wurinka. Silinda uku ne, girmansa cc 954, yana ba da ƙarfin doki 27 a juyi 3600 a minti, kuma nozul, injekta, bawul da ringi duk irin waɗanda ka sani ne. Inda ya bambanta da janareta shi ne mazauninsa. Janareta yana kan ƙasa, iska ce ke sanyaya lagiretonsa. Wannan kuwa yana zaune a cikin jirgi daidai da saman ruwa ko ƙasa da shi, an huda gangar jirgin domin ya sha ruwan gishiri, kuma ta salansa yake amayar da ruwan. Yawancin matsalolin da na saba gani a irin waɗannan injuna daga nan suke fitowa: ko ruwa bai isa inda ake son sa ba, ko ya shiga inda ba a son sa.

Hanyar da ruwa ke bi

Harafin F da ke ƙarshen sunan injin yana nufin hanyar ruwa biyu gare shi. Ta farko rufaffiya ce, ruwan sanyaya ne irin na mota yake zagaya cikin bulok da tof silinda, yana da tamostat da murfi mai matsi. Ta biyu ta ruwan teku ce, ita ce a madadin iskar da ke busa lagireto. Ruwan yana shiga ta bawul ɗin da ke ƙasan jirgi, ya bi ta rariya mai tace shara, ya isa famfo mai 'yar farfelar roba da ake kira infela, famfon ya tura shi cikin siraran bututun tukunyar musayar zafi inda yake ɗauke zafin ruwan farko ba tare da sun gauraya ba. Daga nan sai ya faɗa cikin gwiwar salansa ya haɗu da hayaƙi, su gangara cikin wata tukunyar roba, matsin hayaƙin ya ɗaga ruwan ya watso shi ta bayan jirgi. Tamostat na wannan inji yana fara buɗewa a digiri 71, ƙararrawa kuma tana kuka a wajen digiri 95.

Minti ashirin ɗin da ka ambata ya ba mu haske. Da a ce ruwan teku ba ya zuwa sam, da ba za ku yi wannan tsawon ba, kuma da ƙarar salansa ta koma busasshiya mai kaifi, ga warin roba mai ƙonewa. Zafin da ke hawa a hankali yana nuna ruwa yana zuwa amma bai kai ba, ko kuma injin yana jan kayan da suka fi ƙarfinsa. Saboda haka abu na farko, da zarar ka tayar da inji ka leƙa bayan jirgi ka ga fitar ruwan. Ya kamata ya riƙa fitowa da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yana ƙaruwa idan an ƙara totur. Idan yana tsiyaya ne da farin tururi, to matsalar tana hanyar ruwan teku.

Ka bi hanyar daga farkonta, kada ka yi tsalle. Rufe bawul ɗin ƙasa, buɗe rariya ka wanke ta, ka duba robar murfinta. Idan robar ta bushe ko ta tsage, famfo zai riƙa zuƙar iska ta nan maimakon ruwa, kuma ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, domin wurin zuƙa ne. A ruwan Legas akwai leda da kainuwa da yawa, kuma leda tana da wata dabi'a mai ruɗa bakanike: zuƙar famfo ce ke manna ta a bakin ramin, da an kashe inji sai ta saki ta tafi, ka duba ka ga komai lafiya. Ka cire tiyo daga kan bawul ɗin ƙasa, ka buɗe shi na ɗan lokaci ka ga ko ruwa yana tsartuwa da ƙarfi. Idan yana zuwa a raunane, ƙananan halittun ruwa masu ƙoƙo sun yi gida a bakin ramin, sai a zura sanda a fasa su. Kafin ka yi wannan ka tanadi turken katako mai tsini a kusa, saboda tsohon bawul yana iya ƙin rufuwa ko hannunsa ya karye, kuma ramin nan a ƙarƙashin ruwa yake.

Sai famfo. A irin wannan inji bel ne ke juya shi, bel da ya saki kuma yana sulɓi idan juyi ya yi sama. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da milimita 7. Sannan ka buɗe murfin infela. A yawancin injunan Yanmar masu lamba GM, irin wannan, murfin yana kallon baya, ya fi sauƙi ka kwance famfon gaba ɗaya ka fito da shi. Ka lanƙwasa kowane reshe na robar ka duba gindinsa, nan yake fara tsagewa. Idan reshe ko ɗaya ya ɓace, sabuwar infela kaɗai ba za ta warkar da zafin ba, domin guntun yana can ya toshe bakin bututun tukunyar musayar zafi. Dole ka nemo shi, ka jera guntayen har su cika adadin da ya ɓace. Ka duba cikin murfin ma. Idan ya ci har yatsa yana jin rami, famfon ba zai riƙe matsi ba komai sabuntar roba. Wajen mayarwa ka shafa gilisarin ko sabulun wanke-wanke, ka guji giris na man fetur saboda yana kumbura robar. Infela ruwa ne ke sanyaya ta, idan ta yi gudu a bushe ko na ƙasa da minti ɗaya ne tana iya ƙonewa, shi ya sa mantuwa da bawul ɗin ƙasa a rufe take da tsada. Dabarar da ta fi aiki ita ce a riƙa rataye makullin inji a hannun bawul ɗin duk lokacin da aka rufe shi.

Tukunyar musayar zafi tana da murfi a kowane gefe. Ka zubar da ruwan sanyaya, ka zaro tarin bututun, ka ɗaga shi a haske ka ga kowane rami. Gishiri da farar ƙasa suna toshe su. Ana jiƙa shi a ruwan tsami mai sauƙi na wanke irin wannan datti, a zura siririyar sandar tagulla ko ta katako, kada a sa ƙarfe mai kaifi domin bangon bututun siriri ne, idan ya huje ruwan gishiri zai shiga bulok.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da na fi zargi a tsohon 3GM30F mai irin wannan alama, gwiwar salansa zan nuna. A nan ne hayaƙi mai zafi yake karo da ruwan gishiri, sai tsatsa da baƙin gawayi su riƙa taruwa shekara da shekaru har ramin da ya kamata ya ɗauki yatsu biyu ya koma kamar na fensir. Daga waje ba a ganin komai, fenti ma yana nan lafiya. Idan ta toshe ruwa ba ya samun fita, hayaƙi ma haka, sai ka ga zafi, da raguwar ƙarfi, da baƙin hayaƙi a tare. Gwaji mai sauƙi shi ne ka zare tiyon ruwan da ke shiga gwiwar ka sa bakinsa a bokiti, ka tayar da inji na 'yan daƙiƙu kaɗan kawai, saboda a lokacin salansar roba ba ta samun ruwa. Idan bokiti ya cika da sauri alhali a bayan jirgi ruwan kaɗan ne, ka sami mai laifi. Ana iya ƙwaƙule ta, amma idan bangonta na ciki ya yi siriri sai a canza, domin idan ya huje ruwa zai koma ta bawul ɗin hayaƙi ya shiga silinda. A riƙa kwance ta ana dubawa kowace shekara biyu.

Idan duk wannan ya fita lafiya, ka koma hanyar ruwan sanyaya: yawansa, robar murfinsa, bel ɗin da ke juya famfonsa tare da altaneta, da tamostat. Tamostat ana dafa shi a tukunya da ma'aunin zafi a ga ko yana buɗewa a kan lokaci. Kada ka cire shi ka jefar kamar yadda ake yi wa motocin haya, injin da ke aiki a sanyaye yana tara gawayi da ruwa a cikin baƙin mai. Na ƙarshe, ka sa a duba ƙasan jirgi da farfela. A ruwa mai ɗumi wata biyu ko uku sun isa halittun nan su lulluɓe farfela, injin ya riƙa ja da kyar. Gwajinsa: a buɗaɗɗen ruwa, a giyar gaba, totur a ƙarshe, ya kamata ya kai juyi 3400 zuwa 3600. Idan ya tsaya a 2800 yana baƙin hayaƙi alhali a firi yana hawa sosai, kaya ne suka yi masa yawa.

Haɗarin da bakaniken janareta bai saba da shi ba

Wannan ina so ka riƙe shi da kyau. Idan janareta ya ƙi tashi, kana iya yin ta buga kik har batir ya mutu, asararka batir ce kawai. A jirgi, duk juyin da kik ya yi famfon ruwan teku yana turo ruwa cikin tukunyar salansa, ga shi babu hayaƙin da zai fitar da shi. Tukunyar tana cika, ruwan ya hau gwiwa, ya zuba cikin silinda ta bawul ɗin da ke buɗe. Ruwa ba ya matsuwa. Bugu na gaba sai kwanrod ya lanƙwashe. Don haka kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, kuma idan jimillar bugun ta kai rabin minti bai tashi ba, ka rufe bawul ɗin ƙasa, ka ci gaba da neman dalili, da ya tashi ka buɗe nan take. Haka ma lokacin da kake cire iska daga layin mai.

Akwai hanya ta biyu da ruwa ke shiga inji yana kwance. Tunda gwiwar salansa tana kusa da saman ruwa, tiyo yana iya ci gaba da zuƙo ruwa da kansa bayan an kashe inji, kamar yadda ake zuƙo mai daga tanki. Maganinsa wani tiyo ne da aka ɗaga sama kamar baka, santimita 30 zuwa 40 a kan saman ruwa, da ɗan ƙaramin bawul a ƙololuwarsa mai shigar da iska ya katse zuƙon. Gishiri yana daskarar da wannan bawul, mutane kuma ba sa tunawa da shi. Ka kwance shi ka wanke da ruwan ɗumi aƙalla sau biyu a shekara. Idan wata rana ka buga kik ka ji ya yi "ƙum" ya tsaya cak, ko ka ga baƙin mai ya ƙaru ya koma kalar shayi da madara, kada ka sake bugawa. Rufe bawul ɗin ƙasa, zubar da tukunyar salansa, cire nozul, juya inji da hannu ruwan ya fita, ka yi juye sau biyu ko uku a ranar. Ruwan gishiri idan ya kwana biyu a silinda, ringi ya kama tsatsa.

Giyar da ke jinkiri

Ka fara karanta ƙaramin allon da ke jikin giyabos. Yawanci da wannan inji KM2P ko KM3P ake haɗawa, kuma su baƙin man inji suke sha, mai lamba SAE 30, kusan kashi ɗaya cikin uku na lita kacal. Amma akwai Kanzaki mai suna KBW da kuma giyoyin kamfanonin Hurth da ZF, su jan man giyar otomatik suke sha. An sha lalata giya saboda wani ya zuba abin da ya saba zubawa a wani jirgin. Man giyabos na mota mai kauri, lamba 90, ba shi da wuri a nan, haka ma duk wani maganin ƙara santsi da ake zubawa a inji, domin kulocin wannan giya da gogayya yake kamawa. Wajen awo ana ɗora sandar gejin ne a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ciki ba. Idan ka cika mai ya wuce layi giya za ta yi zafi ta riƙa zubar da shi ta sil.

A cikin KM babu faifan kuloci irin na mota. Wani dunƙulen tagulla ne mai fuska biyu masu siffar mazurari, yana zamewa a kan shaf mai murɗaɗɗen zare. Idan ka tura hannun giya gaba, fuska ɗaya tana shiga ƙoƙon haƙorin gaba, ƙarfin juyin kuma ya ƙara cusa ta ciki. A jikin fuskar akwai siraran layuka da ke yanke man da ke tsakani domin ƙarfe ya kama ƙarfe. Da shekaru fuskar gaba tana gogewa ta yi sulɓi kamar madubi, tunda kusan duk aikin jirgi gaba ne, ta ribas kuwa tana nan kamar sabuwa. Wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta. Kuma kowane jinkiri sulɓi ne, kowane sulɓi yana ƙara goge ta.

Amma kada ka yi saurin sauke giya. Sau da yawa laifin na kebul ne. Ka cire kebul daga hannun da ke jikin giyabos, jirgi yana ɗaure da kyau a bakin gaɓa, inji yana silo, ka tura hannun da kanka har ƙarshe. Idan ta kama nan take, to kebul ne ba ya kai ta ƙarshe, ko ya miƙe, ko maɗaurinsa ya kwance, ko an saita shi ya fi karkata wajen ribas. Daga tsakiya hannun yana buƙatar tafiyar aƙalla milimita 35 kowane gefe idan kebul yana ramin waje, milimita 30 idan yana ramin ciki. Ka sa hannun direba a tsakiya, na giya ma a tsakiya, sannan ka daidaita tsawon kebul ya shiga ba tare da ja ba. Ka kula da hannunka da tufafinka, shaf yana dab da kai. Idan da hannu ma tana jinkiri, ka yi juyen manta ka duba shi a haske. Ƙurar zinariya a ciki tagullar kuloci ce ke ci. A nan sai an sauke giya, a wasa fuskar da ƙoƙonta da man wasa bawul mai laushi har ƙyallin ya tafi, a wanke sarai, ko a sa sabon dunƙule idan layukan sun shafe. Daga nesa ba zan iya yanke maka ko wasawa za ta wadatar ba, sai an buɗe an auna. Kuma mayar da ita yana buƙatar littafin gyara na kamfanin saboda siraran wasoshin da ke daidaita tazara, idan aka rikita su giyar za ta dawo da sabuwar cuta.

Kafin a gyara, ka hana kowa ƙara totur don "ta kama". Idan ta kama a juyi mai yawa tana kamawa ne da duka, dukan yana karya sifirin na faifan da ke tsakanin inji da giya, kuma jirgin yana zabura a wurin da ake kusa da gaɓa ko wani jirgi. Ƙa'idar sa giya a kowane lokaci ita ce a sauke totur zuwa silo, ƙasa da juyi 1000, a tsaya a firi daƙiƙa biyu ko uku, sannan a tura hannun da azama har ƙarshe. Tura shi a hankali da rabi-rabi yana cinye kuloci.

Batun barin giya a ribas, maigidanka bai ƙirƙiro shi ba. Al'ada ce tsohuwa domin a tsayar da farfela daga juyawa da gurnani, kuma a giyoyin Hurth da ZF an yarda da ita, abin da suka hana shi ne barin giya a gaba. Amma a shekarar 2008 kamfanin Yanmar ya fitar da sanarwa cewa a giyoyinsa a bar ta a firi lokacin tafiya da iska. Dalili kuwa, ruwan da ke murɗa farfela yana cusa dunƙulen nan cikin ƙoƙon ribas har ya cije, ko ya riƙa ɗan sulɓi yana ci. Ba zan ɗora jinkirin gaba kai tsaye a kan wannan al'ada ba, amma ya kamata a daina ta. Idan farfelar mai naɗewa ce, ana sa ribas na ɗan lokaci ta naɗe sannan a koma firi. Idan gurnanin ne ke damun maigida, mafita birkin shaf ne ko farfela mai naɗewa. Idan kuma hannun ya cije a ribas, kada a yi masa ƙarfi, a juya jirgin ya fuskanci iska gudunsa ya ragu, zai saki. Ka kuma tuna cewa a firi shaf yana juyawa ko da inji a kashe yake.

Tunda kana wurin, ka duba inda shaf ya huda jirgi. Idan mai igiyar toshiya ne, ɗigo biyu ko uku a minti lokacin da yake juyawa daidai ne, ruwan ne ke sanyaya shi. Idan ka ɗaure har ɗigon ya ɗauke, zai yi zafi ya ci shaf. Bayan tafiya ya kamata hannu ya iya zama a kansa. Tiyon da ke riƙe da shi kilif biyu yake buƙata a kowane gefe. Ƙafafun robar inji suna lotsawa da shekaru, musamman idan gas ya zuba musu, sai inji ya kauce daga layin shaf. Ana kwance notunan mahaɗar, jirgi yana kan ruwa, a auna tazarar fuskokin biyu da filagej, siraran ƙarafan nan na awon tazara, a wuri huɗu. A mahaɗa mai faɗin inci huɗu bambancin kada ya wuce milimita 0.1.

Mai, juye da yadda ake tafiyar da shi

Janareta yana cinye mansa kullum, jirgin shaƙatawa kuwa gas yana iya wata shida a tanki. Danshi yana taruwa ya kwanta a ƙasa, wasu ƙwayoyin halitta su yi yaɗo a tsakanin ruwan da man, su zama baƙin kunu. A ruwa mai kwanciya ba ya motsi. Sai an fita bakin teku igiyar ruwa ta girgiza tanki, kunun ya tashi ya toshe filta, inji ya mutu a wurin da aka fi buƙatarsa. Ka tace duk gas da za ka zuba, ka duba robar murfin tanki da ke kan bene domin ta nan ruwan sama ke shiga, ka riƙa tsiyaye kofin filtar farko kafin kowace fita. Cire iska ka san shi: notin kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare, sai notin injekta, sai na nozul idan ya ƙi.

Juyen baƙin mai kowace awa 100 zuwa 150, ko sau ɗaya a shekara ko da awannin ba su cika ba. Yana cin kusan lita biyu da rabi, kuma da famfon zuƙa ake fitar da shi ta ramin geji yana da ɗumi, tunda babu wurin sa kwano a ƙasa. Man giya da infela da filtocin gas duk shekara. Tazarar bawul milimita 0.2 inji yana sanyi. Wannan inji yana son aiki. Tafiya a juyi 2700 zuwa 2900 ta fi masa lafiya a kan awanni a silo ana cajin batir, wanda ke goge bangon silinda ya kuma cika gwiwar salansa da gawayi. Idan an daɗe a ƙaramin juyi, a buɗe masa wuta na 'yan mintuna a cikin giya. Kafin kashewa a bar shi minti biyar a silo ya huce, a ja igiyar kashewa, sai ya tsaya sannan a murɗa makulli. Kada a taɓa juya babban makunnin batir zuwa kashe inji yana aiki, nan take altaneta ke iya ƙonewa. Idan ana haɗa inji da filafilai jirgin ya karkata fiye da digiri 20, a rage filafilai ko a kashe inji, domin famfon baƙin mai da ramin shan ruwa duka suna iya zuƙar iska.

Lafiyar jikinka

Ɗakin injin jirgi ƙunci gare shi, fuskarka tana kusa da bel, jirgin kuma yana motsi. Kada ka shiga da riga mai faɗin hannu, ko hirami, ko carbi a wuya. Idan za ka sa hannu kusa da bel ko shaf, makulli ya kasance a aljihunka. Murfin ruwan sanyaya ba a buɗe shi da zafi. Kada ka nemi yoyon layin nozul da yatsa, matsin yana huda fata, kuma irin wannan rauni na asibiti ne a ranar ko da ƙaramin ɗigo ya yi kama. Tiyon salansa da ya tsage yana zuba hayaƙi mai guba a ɗakin da mutane ke kwana, don haka a sa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid, kuma ciwon kai da jiri ana tafiya da inji dalili ne na fita sarari a kashe shi. Idan wuta ta tashi a ɗakin inji kada a wangale murfin, iska za ta hura ta. A kashe inji, a rufe mai da batir, a fesa abin kashe gobara ta ƙaramin ramin da aka tanada. Idan inji ya fara shan baƙin mansa ya haukace ya ƙi mutuwa, a toshe bakin shan iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Farfela ita ce mafi muni. Kafin a sa giya a tabbata babu igiya a ruwa. Idan igiya ta naɗe, a kashe inji, mai shiga ruwan ya riƙe makulli da kansa, a ɗaure mutumin da igiyar tsaro, kuma ba a shiga ƙarƙashin jirgi yana tsalle a igiyar ruwa. Idan mutum ya faɗa ruwa ana ɗauko shi, giya ta koma firi tun kafin ya zo gefen jirgi, idan ya zo dab a kashe injin.

Har zuwa lokacin da za ka gano dalilin zafin ka kuma gyara giyar, kada ku bi mashigar tashar Legas, inda manyan jirage ke wucewa ruwa kuma ke ja da ƙarfi, da dogaro ga injin nan kaɗai. Ku fita da babban filafili a kwance daga ɗaurinsa a shirye don ɗagawa, anga ma, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, a shirye take a saki. A cikin jirgi kuma a ajiye infela biyu da gasket ɗinsu, bel na kowane famfo, filtar gas aƙalla biyu, lita uku na baƙin mai, kilif, turakun katako, da sifana mai lamba 10, 12 da 17 a wuri ɗaya da hannu zai kai gare su ko a cikin duhu.